Fasa bango a haɗe ɗakuna: me yake yi wa farashin gida ranar sayarwa?

A unguwannin Hausawa na Kamaru, daga Briqueterie a Yawunde zuwa New Bell a Duwala da tsofaffin unguwannin Garwa, akwai wani gyaran gida da ake yawan gani idan kuɗi sun shigo hannun mai gida. Sai a kira magini ya fasa bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu, a mayar da su ɗaki ɗaya babba mai banɗaki a ciki, ko a haɗe ɗakin kwana da falo domin falon ya ɗauki manyan kujeru. Sau da yawa kuɗin ɗan gidan ne da ke aiki a Gabon ko Saudiyya ko Turai, wanda ya ga irin gidajen can yana son iyayensa su ji daɗi. Gidan kan yi kyau, iska ta wadata, baƙi su yaba. Matsalar takan fito ne shekaru bayan haka, ranar da aka kira dillali.

Tambayar farko da dillali ke yi ita ce ɗaki nawa ne. Ba ya fara tambayar faɗin falo ko irin tayil ɗin da aka shimfiɗa. Haka ma tallan gidaje suke a ƙasashen da ke aiki da Faransanci: ana rubuta adadin ɗakunan kwana, sannan falo, sannan kicin da banɗaki. A wasu wuraren ana amfani da lissafin Faransa na F3 da F4, inda lambar ke nufin falo haɗe da ɗakunan kwana, ban da kicin da banɗaki. F4 ke nan falo da ɗakuna uku. Wanda ya haɗe ɗakuna biyu ya mayar da gidansa F3 da hannunsa, alhali faɗin ginin bai ragu da taku ɗaya ba. Mai neman ɗakuna uku ba zai ma zo dubawa ba, domin tun a bakin dillali gidan ya fita daga jerin waɗanda za a nuna masa.

Nan ne asarar take farawa. Farashin gida yana tashi ne idan mutum biyu ko uku suna son sa lokaci guda. Idan masu so suka ragu, gidan ya daɗe a kasuwa, mai shi ya gaji, ƙarshe ya karɓi tayin da da farko ya ƙi.

Masu saye iri uku

Ba kowane mai saye ne ke ƙirga ɗakuna da manufa ɗaya ba. Na farko shi ne magidanci mai neman inda zai zauna da iyalinsa. A gidan Bahaushe ɗaki yana da aikin da falo ba zai yi ba, komai girmansa. Mai mata biyu dole kowacce ta sami ɗakinta, shi kuma ya sami turakarsa. Yara idan sun kai shekara goma addini ya yi umarni a raba musu wurin kwana, kuma kafin a ankara samari suna buƙatar ɗakinsu a kusa da ƙofar gida, 'yan mata nasu a ciki. Ga tsohuwa da za a ɗauko daga ƙauye, ga 'yar da aurenta ya mutu ta dawo da yara biyu. Ga kuma baƙi, wanda a zango ba ƙaramin abu ba ne. Unguwannin Hausawa na ƙasashen waje sun ginu ne a kan saukar fatake, kuma har yau mai gida a Briqueterie ko Zangon Kwatano yana iya wayar gari da ɗan'uwa daga Kano ko Maradi da ya zo fatauci ko neman magani, zai yi wata guda. Irin wannan mai saye idan ya shiga gida yana rarraba mutanensa ne a zuci, ɗaki bayan ɗaki. In mutane suka rage ba su sami wuri ba, ya fita.

Na biyu shi ne mai saye domin haya, kuma shi lissafinsa ba tausayi a ciki. A unguwannin talakawa na Yawunde da Duwala da Injamena, hayar da ta fi tafiya ita ce ta ɗaki guda ko ciki da falo, saboda ita ce daidai aljihun ɗan acaba da mai shago da ɗalibi da sabon ango. Kowace ƙofa kuɗi ce a ƙarshen wata.

Misali zai fi bayyana abin, kuma alƙaluman na kwatance ne kawai. A ɗauka gida ne mai ɗakuna 6, kowanne ana biyan sefa 20,000 a wata. Jimilla 120,000 a wata, 1,440,000 a shekara. Mai gidan ya haɗe huɗu daga cikinsu suka zama manyan ɗakuna biyu masu banɗaki, kowanne ya sa masa 30,000. Yanzu gidan yana kawo 60,000 daga manyan biyu da 40,000 daga ƙananan biyu, wato 100,000 a wata, 1,200,000 a shekara. Idan mai saye yana son kuɗinsa su dawo cikin shekara 10, a da zai iya biyan miliyan 14 da dubu 400, yanzu ba zai wuce miliyan 12 ba. Miliyan 2 da dubu 400 sun tafi, ba a ma sa kuɗin siminti da bututu da ladan magini ba. Sai babban ɗakin ya kai 40,000 kafin a koma inda aka baro, kuma mai iya biyan 40,000 yakan fi son ya tafi unguwar da mota ke shiga har ƙofar gida. Akwai kuma hatsarin zaman ɗaki babu kowa. A da in ɗan haya ɗaya ya tashi, kashi ɗaya cikin shida na kuɗin wata ne ya tsaya. Yanzu in babban ɗaki ya zauna a rufe, kashi 30 cikin 100 ne.

Bankuna ma haka suke dubawa. Ƙwararren da ake turowa ya ƙiyasta darajar gida kafin a ba da bashi yakan bi hanya uku: ya kwatanta shi da gidajen da aka sayar kusa, ya lissafa hayar da zai iya kawowa, ko ya lissafa kuɗin fili da na sake gina irinsa. A biyun farko adadin ɗakuna yana shiga kai tsaye.

Na uku shi ne wanda bai damu da ginin ba sam. Briqueterie tana manne da tsakiyar Yawunde, kusa da babban zauren wasanni na Warda da aka buɗe a 2009, kuma a irin wannan wuri ƙasa ta fi abin da ke kanta tsada. Mai sayen zai rushe ne ya ɗora bene. A wurinsa ɗaki shida da ɗaki huɗu duk ɗaya ne. Abin da yake tambaya shi ne faɗin fili, ko yana bakin titi, da kuma takarda. A Kamaru, tun dokar filaye ta 6 ga Yulin 1974, takardar mallaka da ake kira titre foncier ita ce shaidar da hukuma ta sani, kuma cinikin fili mai irin wannan takarda sai ya bi ta hannun notaire. Mai gida a irin wannan wuri bai yi asara ba don ya rage ɗakuna, amma duk abin da ya kashe a gyaran ya bi ƙurar rusau. Da ya kashe kuɗin wajen neman takarda, da ya fi ganin amfaninsu ranar ciniki.

Inda ragewa ke ƙara daraja

Ba adalci ba ne a ce duk fasa bango asara ce. Tsofaffin gidaje da yawa a waɗannan unguwanni an yi ta tsarga su ne shekara da shekaru, duk yaron da ya isa aure a yanka masa wuri, har tsakar gida ta ƙare. Ana samun ɗakin da ba taga, wanda katifa ɗaya ta cika shi, ga mutum ashirin suna layin banɗaki guda. A irin wannan gida, mayar da ɗaki ɗaya banɗaki da kicin yana ɗaga hayar duk sauran, domin ɗan haya zai ƙara kuɗi a kan ruwa da makewayi kafin ya ƙara a kan faɗi. Ɗakin da ba wanda zai yarda ya kwana a ciki dama can ba ya cikin lissafin mai saye, ko da dillali ya ƙirga shi.

Haka nan wane ɗaki aka rasa yana da muhimmanci fiye da nawa aka rasa. Daga bakwai zuwa shida da wuya wani ya lura. Daga uku zuwa biyu kuwa gidan ya sauya aji gaba ɗaya: ya tashi daga gidan iyali mai maza da mata, ya koma na sabbin ma'aurata, waɗanda galibi haya suke nema, ba saye ba. Ma'auni mafi sauƙi shi ne maƙwabta. Gidan da ya faɗi ƙasa da abin da aka saba gani a layinsa shi ke shan wahalar kasuwa.

Unguwa ma tana sauya hukuncin. A Bastos ta Yawunde ko Bonapriso ta Duwala, inda ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da manyan kamfanoni ke kama wa ma'aikatansu gidaje, ɗakuna uku manya kowanne da banɗakinsa sun fi biyar ƙanana. Kuskuren da ake yi shi ne ɗauko tsarin Bastos a dasa shi a lungun da masu hayarsa 'yan kasuwar gwanjo ne da masu sayar da suya.

Bango da gado

Akwai abubuwa biyu da ba sa zuwa a ran mai gyara, kuma kowannensu yana iya cin fiye da kuɗin ɗakin. Na farko shi ne bangon kansa. A ginin zamani mai ginshiƙan kankare, bangon tsakiya sau da yawa shamaki ne kawai. Amma gidaje da dama a tsofaffin unguwanni an gina su ba ginshiƙi, bango ne ke ɗauke da rufi. A ginin ƙasa na arewa abin ya fi tsanani, domin azara ba ta ƙetare fiye da kimanin mita 2 ba tare da abin tallafi ba, shi ya sa magina na da suke ɗaura baka idan ana son soro mai faɗi. In aka cire irin wannan bango ba a sa gada mai ƙarfi a wurinsa ba, bayan damina biyu ko uku sai tsaga ta bayyana a kusurwa, rufi ya fara lotsawa, ƙofa ta ƙi rufuwa. Mai saye da ya ga tsaga ba ya rage kuɗin ɗaki ɗaya, yana rage kuɗin gyaran gidan duka, in ma ya tsaya. Dokar tsara birane ta Kamaru ta 21 ga Afrilun 2004 ta wajabta izinin gini ga aikin da zai sauya fuskar gini ta waje ko girmansa ko abin da ake amfani da shi, don haka wanda ya toshe taga ya buɗe ƙofa a bakin titi ya shiga hurumin hukumar birni ko da yana ganin aikin cikin gida yake yi.

Na biyu shi ne gado, kuma shi ya fi zafi. Gidaje da yawa a zango ba a sayar da su idan mai su ya rasu. Malamai sukan ƙiyasta darajar gidan, a fitar wa matar mamaci tumuninta idan akwai 'ya'ya, a ba namiji rabon mata biyu, sannan a mayar da rabon kowa ɗakuna: wannan ya riƙe biyu, waccan ɗaya, wanda nasa ya zarce ya cika wa 'yan'uwa da kuɗi. Wanda ke nesa ya sa ɗan haya a nasa. Da haka gida ke zama a hannun zuriya, uwa ta ci gaba da zama inda ta saba. Babban falo kuwa ba ya rabuwa. Idan magada bakwai ne ɗakuna uku, hanyar da ta rage ita ce sayarwa, kuma cinikin gidan gado kowa a unguwa ya san na gaggawa ne: wani magajin yana da bashi, wani zai koma inda ya fito, masu saye kuma suna jira farashi ya sauko. Ga Hausawan da ke zaune a ƙasar da su 'yan tsiraru ne, gidan da ya fita daga hannu a tsakiyar birni ba ya dawowa, kuma kuɗin da kowane magaji ya samu da ƙyar ya sayi fili a bayan gari, nesa da masallaci da kasuwa da dangi.

Wanda zai zauna a gidansa shekara ashirin yana da haƙƙin ya more shi yadda yake so, kuma jin daɗin shekara ashirin ba abin rainawa ba ne. Wanda yake tunanin sayarwa nan da shekara uku ko biyar ne ya kamata ya tsaya ya yi lissafi. Tsakanin biyun akwai hanyar da magina masu hankali suke ba da shawara: a buɗe ƙofa mai faɗi a bangon maimakon a cire shi duka, a bar wa kowane ɓangare ƙofarsa da tagarsa da makunnin wutarsa, kada a shimfiɗa bututun banɗaki a inda bangon zai koma. Da haka ranar da aka tashi sayarwa ko rabon gado, bulo kaɗan da buhun siminti biyu ko uku sun isa a mayar da ɗakuna biyu, dillali ya ƙirga su biyu.