Ruwan ƙazamta na gari: yadda ake gyara shi kafin ya shiga garka

Ƴan'uwa manoma, duk ruwan da ya shiga gida sai ya fita. Ruwan wanka, ruwan wanki, ruwan wankin tukwane, da abin da ake kwasowa daga salga in ta cika. A ƙananan garuruwanmu yawanci yana bin titi, ya taru a kududdufi. Nan yara ke wasa, nan bisashe ke sha, wani kuma nan yake ɗiba ya ba salati.

Mene ne a cikin ruwan nan?

Abu biyu ne: akwai taki, akwai cuta. Takin shi ke sa ganye ya yi shar. Cutar kuwa ido ba ya ganin ta: ƙwan tsutsar ciki, da ƙwayoyin amai da zawo. Ku tuna kwalarar da ta tashi a Madarunfa, jihar Maraɗi, a 2018, ta sake dawowa ƙasarmu a 2021. Ta ƙazamin ruwa da abinci take bi.

Dabarar tabkuna uku

Ƙaramin gari bai buƙatar inji ko lantarki. Rana da lokaci su ne ma'aikata. Ana gina tabkuna uku a jere, nesa da gidaje da rijiyoyi, a daɓe gindinsu da yumɓu don kada ruwan ya tsiyaya ƙasa.

Tabki na 1 shi ne mai zurfi, mita 3 ko fiye. Nan dagwalo ke kwantawa, tare da yawancin ƙwan tsutsa, domin sun fi ruwa nauyi.

Tabki na 2 ya fi faɗi, zurfinsa kamar mita 1 da rabi. Ruwansa kore ne, saboda gansakuka. Kada ku ce ya ɓaci. Gansakukar nan ita ke ba ruwa iska, ƙananan halittu masu cin ƙazamta su samu ƙarfin aiki.

Tabki na 3 bai wuce mita 1 ba. Rana na ratsa shi, ta kashe sauran ƙwayoyin cuta.

Daga shiga zuwa fita, ruwan kan yi kwana 20 zuwa 30. Wanda ya yi gaggawa ya ɗiba daga tabki na 1, cuta ya ɗiba.

Abin da ba a zubawa ciki

Baƙin man mota, ruwan marina, ruwan jima da maganin ƙwari. A Wagadugu, ƙasar Burkina Faso, an buɗe irin waɗannan tabkuna a unguwar Kosodo a 2004, masu garka na noma da ruwansu. Amma ruwan masana'antu ya shiga ciki, mai kanwa-kanwa, har ƙasar wasu garake ta lalace. Rana na kashe cuta, amma ba ta fid da gishiri.

Yadda za a yi amfani da shi

Ruwan tabki na 3 ba na sha ba ne, ba na wanka ba ne. A ba itatuwa, masara da ciyawar bisashe. Abin da ake ci ɗanye, kamar salati da karoti, a ba shi ruwan rijiya. A zuba ruwan a gindin shuka, ban da kan ganye. A sa takalmi, a wanke hannu da sabuni. Dagwalon da aka kwashe, a shanya shi, a ajiye shekara guda ko fiye kafin a kai gona.

Aikin wa ke nan?

Ba da fili da gina tabkuna aikin mairi ne. Kula da su na kowa ne: a yi shinge saboda yara, a nome hakin bakin ruwa saboda sauro. Kafin garinku ya samu nasa, kowane maigida ya gina rami a bayan makewayi, ya cika shi da duwatsu, ya rufe, nesa da rijiya da kamar mita 30.

In kun taru wurin sauraron rediyo, ku tambayi junanku: ina ruwan ƙazamtar garinmu ke ƙarewa, wa ke noma da shi? Rigakafi ya fi magani.