Ayyukan Bayan Fage a Kwamfuta: Misalin Kumbon Pathfinder

Manhajar da ke yi wa jama'a hidima, kamar ta banki, ayyuka da yawa take gudanarwa a lokaci guda. Yayin da take sallamar mai cirar kuɗi, akwai wasu ayyukan da ke tafiya ba tare da ya gani ba, kamar aika masa saƙo da adana lissafi. Su ake kira ayyukan bayan fage, kuma kowane da matsayinsa na fifiko.

Matsala takan taso idan ayyuka biyu suka taɓa bayani ɗaya a tare. A ce asusu na da 10,000, ayyuka biyu suka karanta adadin a lokaci guda, kowane ya cire 8,000. Banki ya biya 16,000 ke nan, alhali asusun yana nuna saura 2,000. Maganin wannan shi ne makulli, wato aikin da ya fara shiga ya kulle bayanin, sauran su jira har ya gama.

Sai dai makullin ma yana da nasa haɗarin. Ranar 4 ga Yuli, 1997, kumbon Pathfinder na hukumar NASA ta Amurka ya sauka a duniyar Mars. Bayan 'yan kwanaki sai kwamfutarsa ta riƙa kashe kanta tana sake tashi. Dalili shi ne, ƙaramin aiki mai tattara bayanan yanayi yakan riƙe makulli, sai matsakaitan ayyuka su sha gabansa su hana shi gamawa. Shi kuwa babban aiki mai rarraba bayanai yana can yana jiran makullin. Da jiran ya wuce ƙa'ida, sai tsarin da ke sa ido ya ɗauka kwamfutar ta cije, ya sake tayar da ita.

Injiniyoyi suka gwada wata kwamfuta irinta da ke ƙasa, suna bin sawun kowane aiki, har matsalar ta bayyana. Daga nan suka aika gyara zuwa manhajar VxWorks da ke cikin kumbon: duk ƙaramin aikin da ya riƙe makullin da babba ke jira, a ara masa matsayin babban har ya saki. Wannan dabara ta aron fifiko ana amfani da ita har yau.