CIWON ASMA DA BORIN JINI: ABIN DA YA KAMATA JAMA'A SU SANI

Asma ciwo ne da ke kama hanyoyin iska na huhu. Sukan kumbura, su matse, majina ta taru a ciki, sai numfashi ya gagara, ƙirji ya riƙa fito kamar sarewa, musamman da dare ko da asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da shi, ya kuma yi ajalin mutum 455,000. Kada a haɗa shi da tarin fuka. Tarin fuka ƙwayar cuta ke kawo shi, ana kuwa ɗaukarsa. Asma ba a ɗaukarsa, sai dai yakan bi jinin gida.

Yadda Biyun Suka Haɗu

Allah Ya yi wa jikin ɗan Adam garkuwa mai yaƙar cututtuka. A jikin wasu mutane, garkuwar nan takan ɗauki abin da ba ya cutarwa a matsayin abokin gaba. Wannan shi ne borin jini, wanda likitoci ke kira alaji, sunan da wani likitan ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, ya raɗa masa a 1906. Idan irin wannan mutum ya shaƙi abin da jikinsa ya ƙi, sai wani sinadari na jini mai suna IgE ya tayar da kumburi. In kumburin ya tsaya a hanci, sai atishawa da yoyon hanci da ƙaiƙayin ido. In ya sauka cikin huhu, shi ne asma. Hanci da huhu hanya ɗaya ce, shi ya sa ciwon biyu suka cika tafiya tare. Wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna kimanin 'yan Nijeriya miliyan 13 ke da asma, kuma kusan uku cikin huɗunsu suna da borin hanci. Amma ba kowane asma ne na borin jini ba, musamman wanda ya fara da girma.

Abubuwan Da Ke Tayar Da Shi A Wuse

Babba daga ciki shi ne wani ɗan ƙwaro da ido ba ya gani, mai zama cikin katifa da matashi da kafet da labule. Kashinsa ake shaƙa. Yana son laima, don haka yakan yawaita da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, lokacin da funfuna ke kama bangon ɗaki. Sauran su ne kyankyaso, gashin kyanwa da ƙurar furen ciyawa.

Akwai kuma abubuwan da ba borin jini suke jawowa ba, amma suna fusata huhun da ya riga ya kumbura: ƙurar hunturu mai tasowa daga Sahara tsakanin Nuwamba da Fabrairu, hayaƙin janareta da na motoci a kewayen Kasuwar Wuse, taba, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, da hayaƙin itace.

Matakan Kariya

1. A shanya katifa da matashi a rana, a wanke zanen gado da ruwan zafi kowane mako.
2. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma. Mai asma ya fita kafin a fara.
3. A rufe abinci, a zubar da shara kullum don korar kyankyaso.
4. A ajiye janareta nesa da taga, a yi amfani da gidan sauro maimakon hayaƙi.
5. A rufe hanci da baki ranar da hazo ya yi yawa.

Magani

Maganin shaƙa iri biyu ne. Salbutamol, mai yawan zuwa a shuɗin mazubi, yana buɗe hanya nan take, amma ba ya kashe kumburi. Na biyu, irin su beclometasone da budesonide, shi ke kwantar da kumburin, ana kuwa shaƙarsa yadda likita ya tsara ko da an ji sauƙi. Tun 2019 masana suka daina ba da shawarar dogaro da shuɗin shi kaɗai. Maganin shaƙa ba ya zama jaraba, ba kuma alamar ciwo ya kai ƙarshe ba ne. A kula da borin hanci ma, domin sakaci da shi yana dagula asma. Aspirin yakan tayar wa wasu da ciwon, don haka a tambayi likita tukuna.

Lokacin Gaggawa

Idan mutum ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓensa ya canza launi, ko haƙarƙarin yaro yana lotsawa, ko shuɗin magani bai yi aiki ba, a zaunar da shi a miƙe, a ci gaba da ba shi maganin, a garzaya da shi Asibitin Gundumar Wuse ko asibiti mafi kusa. Kada a jira gari ya waye.

Asma ba ya warkewa ɗungurungum, amma wanda ya san abin da ke tayar masa, ya riƙe maganinsa, zai yi karatu da sana'a da wasa kamar kowa. Rigakafi ya fi magani.