Kwana a Gida, Aiki a Ƙetare: Izinin Aiki da Haraji a Kan Iyakar Najeriya da Nijar

A garuruwan da ke bakin iyakar Najeriya da Nijar, irin su Illela da Birnin Ƙonni, ko Jibiya da Ɗan Isa, ko Kamba da Gaya, akwai mutanen da ke kwana a wata ƙasa suna wayar gari a bakin aiki a wata, daga malaman makarantun kuɗi da ma'aikatan jinya zuwa direbobi da magina. Da yake harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya ake ci, da yawansu sun ɗauka tsallaka iyaka da karɓar albashi a ƙetare duk abu guda ne, alhali a wurin hukuma izinin shiga daban, izinin aiki daban, haraji kuma daban.

Yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS, wato CEDEAO a bakin mutanen Nijar, suka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba na tsawon kwana 90, muddin yana riƙe da sahihiyar takardar tafiya da katin rigakafi. Wannan dama ta baƙunci ce kawai. 'Yancin zama da neman aiki sai a ƙarin yarjejeniyar 1986 ya zo, kuma ita ce ta ambaci ma'aikacin bakin iyaka, wato wanda ke aiki a wata ƙasa amma gidansa yana maƙwabciyarta, yana komawa kullum ko aƙalla sau ɗaya a mako. Duk da haka kowace ƙasa ta riƙe nata sharuɗɗan: a Najeriya hukumar shige da fice ce ke ba da katin zama na 'yan ECOWAS, a Nijar kuwa dokar ƙwadago ta 2012 ta wajabta a rubuta kwantiragin baƙo a kai shi hukumar ANPE mai kula da ɗaukar ma'aikata ta amince da shi, kuma wannan nauyi yana kan mai ɗaukar aiki. Kamaru da Cadi ba sa cikin ECOWAS, saboda haka mai aiki tsakanin Gamboru da Fotokol ba zai fake da waɗannan yarjejeniyoyi ba.

Al'amura sun sauya tun ranar 29 ga Janairun 2025, da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata. ECOWAS ta ce 'yan ƙasashen uku za su ci gaba da zirga-zirga da zama kamar da har sai an yanke wata shawara, wanda ke nufin abin da a jiya haƙƙi ne yau ya koma alfarma da za a iya janyewa. A cikin watan Janairun ne kuma Nijar ta fitar da sabuwar doka mai tsaurara shiga da zaman baƙi. Wanda ya ga yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024 ya san cewa jami'in da ya saba barin mutum ya wuce da gaisuwa ba zai iya tsaya masa ba ranar da umarni ya zo daga sama.

Batun haraji ya fi wannan sarƙaƙiya, domin ƙasashe biyu na iya neman rabonsu a albashi ɗaya. Ƙasar da aka yi aikin a cikinta tana cire nata tun daga tushe, wato kafin kuɗin su kai hannun ma'aikaci, tsarin da ake kira PAYE a Najeriya, harajin albashi na ITS kuma a Nijar. Ƙasar da mutum ke zaune ita ma tana da ikon neman haraji a kan duk abin da ya samu ko a ina ne. Sabuwar dokar haraji ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, tana ɗaukar mutum mazauni idan ya yi kwana 183 a ƙasar cikin wata 12, ko kuma yana da gidan zama na dindindin ko iyali da harkokinsa a cikinta. Mutumin Jibiya mai aiki a Maraɗi, ko da can yake wuni, mazaunin Najeriya ne, kuma hukumar harajin jihar Katsina na iya tambayarsa abin da ya samu, ko da yake naira 800,000 na farko a shekara ba a biyan komai a kansu.

Maganin biya sau biyu shi ne yarjejeniyar da ke sa a cire abin da aka biya a can daga abin da ake nema a nan, kuma ECOWAS ta amince da irinta a 2018, sai dai ficewar Nijar ta sa bai kamata a dogara da ita ba tare da tambayar ofishin haraji ba. Ko ta wace hanya za a nemi rangwame, hujja ake tambaya, kuma a nan ne masu karɓar albashi hannu da hannu ke shiga uku, domin wanda aka ce masa an cire haraji amma ba shi da takardar albashi, a idon hukuma bai biya ko sisi ba. Haka kuɗin fansho: abin da aka zuba a asusun CNSS a Nijar ba ya komawa asusun fanshon Najeriya da kansa, inda ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin 100, mai aiki kuma kashi 10.

Duk mai shirin karɓar aiki a tsallaken iyaka ya nemi kwantiragi a rubuce tun kafin ya fara, ya bi ta ƙofar hukuma a buga masa hatimi maimakon ɓarauniyar hanya, ya adana takardar albashin kowane wata da lambarsa ta haraji da ta fansho, kuma kada ya miƙa fasfonsa ga mai aiki ko dillali da sunan ajiya.