Kafin ka sayi dashen zaitun ka kai Wasagu

Ka ga bidiyon nan, ko? Mutum a tsaye cikin gonar zaitun, an rubuta kuɗin dashe a ƙasa, wai shekara uku ka fara tatsar mai. Cikin irin da ake yabo akwai Arbequina, ɗan asalin Kataloniya ta ƙasar Sifen. Gaskiya yana saurin 'ya'ya, mansa kuma ba laifi. Amma kafin ka tura kuɗi ka nufi gonarku ta gado a Wasagu ko Ribah, tsaya ka ji.

Zaitun ba ya fure sosai sai ya sha sanyi. Ba irin hunturunmu ba, da za ka kwana cikin bargo amma kafin azahar rana ta gasa ka. Makonni yake so a jere na sanyi mai kama jiki. Za ka ce ai har Saudiyya ana nomansa. Ana yi, amma a Jauf, can arewa kusa da Jodan, inda sanyin dare kan kusa daskarar da ruwa. A ƙasar Zuru bishiyar na iya kamawa, ta yi kore shar, ka yi ta ɗaukar hoto da ita, 'ya'ya kuwa shiru. Ga daminarmu mai nauyi, saiwarsa kuma ba ta jure kwanciyar ruwa.

To, a ce ma ta yi. Sai ka tara wajen kilo 5 zuwa 7 kafin ka samu lita ɗaya, kuma 'ya'yan ba sa jira. Kwana ɗaya ko biyu da tsinka, in ba a matse ba, ingancin man ya fara zubewa. Ina injin matsar a kusa da kai?

In sha'awa ce, dasa biyu ko uku a bayan gida ka gwada, ka leƙa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru ka tambayi malamai. In kuwa harkar mai kake nema, ga kaɗanya nan tsaye a gonaki, wadda wasunmu ke sarewa su yi gawayi. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaranta waje na wata shida, don a riƙa sarrafawa a gida. Iyayenmu mata sun iya man kaɗe tun ba a haife ka ba. Abin da ke karya musu farashi shi ne rashin mazubi mai kyau, da tacewa mai tsabta, da hanyar kaiwa ga mai saye a Kano ko Legas. Wannan na ƙarshen, da wayar da ke hannunka ma za ka iya farawa.