Rigar e-tag mai saƙon ƙauracewa: shin tana hana a cire wa direba kuɗin hanya?

Duk wanda ya saba hawa mota daga Gwiwa zuwa Kazaure ya san direbobi ba sa barin bayan mota babu rubutu: wani karin magana, wani addu'a, wani hoton ɗan takara. A ƙasashen da ake biyan kuɗin hanya ta na'ura, wannan ɗabi'a ta kai ga ɗan akwatin da ake mannawa a gilashin gaba, wato e-tag. Ana sayar masa da riga kamar ta waya, wadda za a iya yi wa rubutun kiran a ƙaurace wa wani kamfani, wata ƙasa, ko ma biyan kuɗin hanyar kansa.

Yadda na'urar ke aiki

E-tag na amfani da fasahar RFID. A saman shingen karɓar kuɗi akwai eriya mai aika siginar rediyo. Da mota ta iso, na'urar sai ta amsa da lambarta, kwamfuta ta cire kuɗi daga asusun mai ita ba tare da ya tsaya ba. Iri biyu ce: akwati mai batir, da siririyar sitika marar batir wadda ke samun wuta daga siginar eriyar. Ga akwatin ake yi wa riga. E-ZPass na Amurka na aiki a kan mita 915 MHz, yawancin na Turai kuma 5.8 GHz.

Abin da rigar ke iya yi

Siginar rediyo na ratsa roba da leda, saboda haka rigar roba ado ce kawai. Ko me aka rubuta a kanta, kuɗi za su fita. Ƙarfe ne ke tare sigina, shi ya sa riga mai alminiyom a ciki kan kurmantar da na'urar. Irin haka na faruwa da waya: riga mai ƙarfe na iya hana NFC aiki.

Sai dai toshe siginar ba ya kuɓutar da direba. Shingayen zamani na da kyamarori masu karanta lambar mota, kuma a wurare da dama wanda aka kama ta kyamara ya fi mai e-tag biya, domin ya rasa ragin da ake yi wa masu rajista.

Inda ƙauracewa ta yi tasiri

Misali mafi shahara shi ne lardin Gauteng na Afirka ta Kudu. Ranar 3 ga Disamba, 2013, hukumar SANRAL ta fara cajin motoci ta na'ura a manyan titunan Johannesburg da Pretoria. Ƙungiyar OUTA da ƙungiyar ƙwadago ta COSATU suka yi kira ga jama'a kada su sayi e-tag. Akasarin direbobi suka ƙi biya, bashi ya yi ta taruwa, har gwamnati ta kashe tsarin a watan Afrilun 2024. Sitika da alluna sun yaɗa saƙon, amma ƙin yin rajistar da dubban mutane suka yi tare ne ya karya tsarin, kuma sai da aka kwashe shekara 10 ana ja-in-ja.

Me ya shafi ɗan Gwiwa?

Gwamnatin Obasanjo ta sanar da soke shingayen kuɗi na titunan tarayya a 2003, amma sun fara dawowa. A Fabrairun 2025 aka soma karɓar kuɗi a hanyar Abuja zuwa Makurdi ta Keffi da Lafia. A Legas kuwa, shingen Lekki da a lokacin ke amfani da e-tag ya zama dandalin zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020. Matashin da ke jigilar kaya ko dabbobi zuwa kudu zai iya cin karo da irin wannan na'ura.

Don haka wanda ya ga rigar e-tag a kasuwar intanet ya fara tambayar da me aka yi ta. In roba ce, ya sani ra'ayinsa kawai ya bayyana. In da ƙarfe a ciki, na'urar za ta iya ƙin amsawa a bakin shinge, layi ya taru a bayansa, ya kuma biya fiye da kima. Ya kuma tabbatar rigar ba ta kare masa ganin hanya ba, sannan ya duba sharuɗɗan kamfanin da ya ba shi na'urar kafin ya manna mata komai.