"Dejot": Kalmar Rawa Da 'Yan Latbiya Suka Riƙe Gam

Mai karatu, idan ka ji Bahaushe ya ce "rawa", sai ka saurari abin da ya biyo baya. Ni a ɗakin marasa lafiya, rawar da na fi gani ita ce rawar sanyi ta mai zazzaɓi. A Latbiya kuwa, ƙasar da ke gaɓar tekun Baltik, wadda mutanenta ba su kai miliyan 2 ba, akwai aikatau na musamman don taka rawa: "dejot".

Harafin "j" a harshensu kamar "y" ɗinmu ake furta shi, "o" kuma kamar "uwo", don haka za ka ji kamar "deyuwot". "Es dejoju" na nufin ina rawa, "mēs dejojam" muna rawa, "es dejošu" zan yi rawa. Ƙaramin ƙari a gaban kalmar yana sauya ma'ana: "padejot" shi ne a ɗan taka kaɗan, "izdejoties" kuma a yi rawa har a ƙoshi.

Tana da kishiya, wato "dancot", wadda aka aro daga Jamusanci. An fi jin ta a hira da wajen rawar gargajiya, yayin da "dejot" ce ta makaranta da rubutu.

Me ya sa kalmar ke da nauyi haka? Tun 1873 suke gudanar da babban bikin waƙa a birnin Riga, aka haɗa shi da rawa a 1948. Duk tsawon mulkin Tarayyar Sobiyet, har zuwa 1991, bikin ya taimaka musu wajen riƙe harshensu a lokacin da Rashanci ke neman danne shi. Yanzu duk bayan shekara 5 ake yin sa, kuma a 2023 mutum kusan 40,000 ne suka shiga. 'Yan makaranta ma suna da nasu bikin tun 1960.

Sirrin yana nan: yaron da ya koyi taka rawar, ya koyi waƙarta, kalmomin kuma suka zauna masa a baki.

To, iyaye, yaushe rabon da 'ya'yanku su ji waƙar gaɗa ko ta daɓe a gida? Wace ce kuke iya tunawa har ku koya musu yau da daddare?